Raunin laka da na'urar sauraron tsoka: ina amfaninta ya tsaya?

Kafin tsoka ta motsa gaɓa sai ta fara fitar da wuta. Wutar lantarki ce ta haƙiƙa, sai dai ƙanƙanuwa ce ƙwarai, har ma'aunin da ake auna ta da shi kashi ɗaya ne cikin miliyan na bolt. Abin da ya sa likitocin gashin ƙashi suka damu da ita shi ne tana iya fita ko da hannun ko ƙafar ba ta gusa daga inda take ba. Mutum zai yunƙura ya miƙe gwiwar hannunsa, ido ya ga babu abin da ya faru, alhali can ƙarƙashin fata wasu 'yan zaruruwan tsoka sun amsa kiran. A kan wannan aka gina horon da ake kira bayofidbak na tsoka. Ana manna wa majinyaci 'yan faifai biyu ko uku a fatar da ke saman tsokar, na'ura ta ɗauki wutar ta ƙara mata ƙarfi, sannan ta mayar masa da ita a matsayin layi mai hawa da sauka a fuskar kwamfuta, ko ƙara mai tashi duk sa'ad da ya yunƙura. Sai a ja masa wata iyaka a sama a ce ya kai layinsa can. In ya kai, a ƙara ɗaga iyakar.

Na'urar ba ta zuba wa jiki komai, kuma wannan ya kamata a fara rarrabewa, domin mutane da yawa na haɗa ta da ɗayar na'urar da ke tura wuta cikin tsoka ta sa ta harbawa da kanta. Waccan turawa take yi. Wannan kuwa saurare take yi ta ba da labari, aikin duka na majinyacin ne. Akwai na'urorin da suka haɗa biyun, su jira sai mutum ya fitar da ɗan abin da zai iya, sannan su ƙarasa masa motsin da tasu wutar, amma wannan wani babi ne daban.

Don a gane abin da ya sa ake sa rai da wannan horo ga wanda lakarsa ta samu rauni, sai an san abin da raunin ke ɓatawa. Laka curin jijiyoyi ce da kaurinta bai wuce na ƙaramin yatsa ba, tsawonta kamar santimita 45, tana saukowa daga ƙwaƙwalwa ta cikin ramin ƙashin baya har ta ƙare a saman kwankwaso. Jijiyoyi ne ke fita daga gare ta dama da hagu, biyu-biyu har sau 31, kowane mataki da tsokokin da yake kula da su. A wuya, matakin da likitoci ke kira C5 shi ke lanƙwasa gwiwar hannu, C6 ya ɗaga wuyan hannu, C7 ya miƙe gwiwar hannun, C8 ya dunƙule yatsu. Shi ya sa tazarar mataki ɗaya tak ke raba mutumin da zai iya sauka daga gado zuwa keken guragu da kansa da wanda sai an ɗauke shi.

Saƙo iri biyu ne ke bi ta cikin lakar. Umarni na sauka daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka, labari kuma na hawa daga fata da gaɓoɓi zuwa ƙwaƙwalwa. Cikin labarin da ke hawa akwai wanda mai lafiya ba ya ko lura da shi: sanin inda ƙafarka take da irin ƙarfin da ka sa, ko da idonka a rufe yake. Da wannan labarin ne ƙwaƙwalwa ke koyon kowane motsi tun daga rarrafe. Idan laka ta ji rauni, sau da yawa hanyoyin biyu ne ke lalacewa tare. Umarnin da ke isa tsoka ya ragu, labarin da zai dawo ya ce "ka yi daidai, sake yin haka" shi ma ya yanke. Majinyacin ya zama tamkar mai koyon harbi cikin duhu: ko ya dace kibiyarsa ta samu abin harin, bai gani ba, don haka bai san wace riƙo ce zai maimaita ba. Aikin na'urar ke nan, ta ba shi ta ido da kunne labarin da jikinsa ya daina ba shi.

Tushen wannan tunani a kimiyyance ya fito ne daga John Basmajian, masanin halittar jiki ɗan Kanada. A 1963 ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya yi da mutane masu lafiya. Ya sa musu siririyar waya cikin tsokar gindin babban yatsa, ya haɗa ta da lasifika da allon kallo. Cikin ɗan lokaci kaɗan da yawansu suka koyi kunna jijiya guda ɗaya tak daga cikin waɗanda ke juya tsokar, su bar sauran a kwance, wasu ma har suka riƙa fitar da sauti mai tsari irin na kiɗan ganga ko sukuwar doki, yatsan kuwa bai motsa ba. Wato ikon ƙwaƙwalwa a kan laka ya fi yadda ake zato daidaito, muddin an nuna mata sakamakon abin da take yi. Ba a daɗe ba aka fara gwada hanyar a kan masu shanyewar ɓarin jiki da masu raunin jijiya.

Wanda sunansa ya fi haɗuwa da raunin laka a wannan fage shi ne Bernard Brucker, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka. A shekarun 1970, a asibitin Goldwater da ke birnin New York, ya yi aiki da majinyatan da jininsu ke faɗuwa har su suma da zarar an zaunar da su. Da taimakon Neal Miller na Jami'ar Rockefeller, aka riƙa nuna musu awon jininsu nan take, wasunsu suka koyi ɗaga shi da kansu har suka iya zama a miƙe. Daga baya Brucker ya koma Jami'ar Miami, ya karkata ga tsoka, ya tsara hanyar horon da har yanzu wasu cibiyoyi a ƙasashe daban-daban ke kira da sunansa, shekaru bayan rasuwarsa a 2008.

Hujjar Brucker ta jingina ne ga wani abu da masu bincike suka tabbatar, kuma ina ganin shi ne ɓangaren da ya fi cancantar iyalan majinyata su fahimta. Da wuya laka ta tsinke gida biyu kamar yadda mutane ke ɗauka. Galibi murƙushe ta ake yi, ko ƙashin da ya karye ya danne ta, sai kumburi da ƙarancin jini su ƙara ɓarnar a kwanakin farko. Idan likita ya ce rauni "cikakke" ne, wato matakin A a ma'aunin da ake amfani da shi daga A zuwa E, abin da yake nufi shi ne ya gwada bai samu ji ko motsi a can ƙarshen laka, wajen dubura, ba. Hukunci ne na gwajin hannu da ido. Byron Kakulas, likitan da ya shafe shekaru yana binciken lakar mamata a birnin Perth na Ostareliya, ya nuna cewa da yawa daga waɗanda aka yi wa wannan hukunci suna da sauran zaruruwan da suka ƙetare wurin raunin. A 1992 kuma masu bincike Sherwood da Dimitrijevic da McKay, a birnin Houston na Amurka, suka auna wutar tsokar ƙafafun masu cikakken rauni, suka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 nasu akwai alamar cewa ƙwaƙwalwa na da ɗan tasiri a ƙasan raunin. Gwaje-gwajen da aka yi da dabbobi ma sun nuna cewa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na zaruruwan, idan suka tsira, na iya isa dabba ta sake takawa.

A nan fa ake buƙatar nutsuwa. Tasirin da aka gani a Houston mafi yawansa irin wanda ke canza ƙarfin zaburar ƙafa ne idan mutum ya yunƙura ko ya cije, ba wai ya ce wa yatsan ƙafarsa motsa ya motsa ba. Tsakanin samun ragowar hanya da iya amfani da ita akwai tafiya mai nisa, kuma ga da yawa tafiyar ba ta ƙarewa da horo kaɗai.

A 1996 Brucker da abokiyar aikinsa Bulaeva suka fitar da binciken da masu tallata wannan horo suka fi ambata. Mutum 100 ne masu raunin wuya daga C6 zuwa sama, dukansu sun haura shekara guda da samun raunin, wato sun wuce lokacin da aka saba ganin jiki na farfaɗowa da kansa. Aka auna wutar tsokar bayan damtse, wadda ke miƙe gwiwar hannu, kafin horo da bayansa. Zama ɗaya kawai ya sa wutar ta ƙaru, waɗanda suka ci gaba da 'yan zama kaɗan kuma tasu ta ƙara hawa. Sakamako ne mai faranta rai. Amma akwai abubuwa biyu da binciken bai yi ba. Bai kwatanta su da wani rukuni da aka ba atisaye na yau da kullum ba tare da na'ura ba, sannan abin da ya auna wuta ce, bai auna ko mutumin ya iya ɗaga kansa daga kujera ba.

Da aka yi irin wannan kwatancen kuwa, labarin ya sauya. A Miami ɗin dai, Klose da abokan aikinsa sun wallafa a 1993 cewa masu tsohon raunin wuya da aka ba atisaye sun samu ci gaba, amma waɗanda aka ƙara wa bayofidbak a kan atisayen ba su fi sauran ba. A 1996 wani rukuni a Chicago, Kohlmeyer da abokansa, ya raba sababbin majinyata gida huɗu: atisaye kawai, tura wuta, bayofidbak, da haɗin biyun. Abin da ake nema shi ne ƙarfin ɗaga wuyan hannu, domin wanda yatsunsa suka mutu, idan ya iya ɗaga wuyan hannunsa, yatsun kan rufe da kansu har ya riƙe cokali ko kofi. Dukan gidajen huɗu sun samu sauƙi, babu wanda ya zarce wani. Waɗannan bincike ba manya ba ne, kuma na'urorin wancan zamani ba su kai na yanzu ba, amma su ne irin gwajin da ke iya raba amfanin na'ura da amfanin atisayen da ake yi a gabanta.

Me ya sa layi zai hau a allo amma hannu ya ƙi bi? Dalilan na da yawa, kuma mafi yawansu na cikin yanayin awon kansa. Faifan da ke kan fata ba ya tantance muryar tsoka ɗaya daga ta maƙwabciyarta. Wanda tsokar bayan damtsensa ta raunana amma kafaɗarsa da ƙwanjinsa na da ƙarfi, yana iya koyon matse waɗannan har wutarsu ta malalo cikin faifan, layi ya tashi, kowa ya yi murna, tsokar da ake nema kuwa tana nan yadda take. Ƙwaƙwalwa na neman duk hanyar da za ta kai ta ga ladan da aka sa mata, ba ruwanta da wace tsoka likita ke nufi. Haka nan idan aka matsar da faifan da ɗan yatsa ɗaya tsakanin jiya da yau, ko gumi ya jiƙa fatar, ko kitse ya yi yawa a wurin, adadin zai canza. Shi ya sa ƙwararru ke goge fata, su auna wurin mannawa daga ƙashi sananne, su bar tazarar kamar santimita 2 tsakanin faifai, su kuma sa wasu a kan tsokokin da ke kusa don kama satar hanya. Ga kuma zabura. Mafi yawan masu tsohon raunin laka na fama da ƙagewar tsoka da harbawar da ba su suka sa ta ba, ita ma wuta take fitarwa, wani lokaci fiye da ta motsin ganganci.

Ko da wutar ta gaskiya ce, ta tsokar da ake nema ce, sai ta kai wani mizani kafin ta zama aiki. Likitoci na auna ƙarfin tsoka daga sifili zuwa 5. Ɗaya shi ne ɗan motsin da ake gani ko a ji da yatsa ba tare da gaɓa ta gusa ba, 2 gaɓa ta motsa idan an ɗauke mata nauyinta, 3 ta iya ɗaga nauyin kanta. Amfanin yau da kullum daga 3 yake farawa. Mutum na iya ninka wutar tsokarsa sau biyu ko uku, ya kasance har yanzu yana kan mataki na ɗaya.

Sai batun lokaci, wanda ke ruɗa kowa. Mafi yawan farfaɗowar da jiki ke yi da kansa na faruwa ne a watanni 3 zuwa 6 na farko, ta ci gaba a hankali har shekara ɗaya ko ɗaya da rabi. Tsokar hannun da ke da ɗan motsi a watan farko, galibi takan kai mataki na 3 kafin shekara ta zagayo. Duk maganin da aka fara a wannan tsakanin, na asibiti ne ko na gargajiya, shi zai kwashi yabon abin da jiki ke yi da kansa. Ba laifin iyali ba ne su danganta sauƙin da abin da suka gani da idonsu. Mai sayar da horon da ya san wannan ya yi shiru a kai, shi ne ke da abin amsawa.

Duk da haka ban yarda da masu cewa a watsar da hanyar ba. Kuskuren shi ne ɗaukarta a matsayin magani mai zaman kansa. A hannun likitan gashin ƙashi da ya san abin da yake nema, kayan aiki ce, kuma akwai wuraren da babu abin da ke maye gurbinta.

Wuri na farko shi ne tsokar da ke tsakanin sifili da 2 a jikin wanda rauninsa bai cika ba. A wannan mataki atisayen da aka saba ba shi da abin kamawa, domin ba a ce wa mutum ya ɗaga nauyi da gaɓar da ba ta motsi. Na'urar na iya nuna cewa akwai hanya, ta kuma ba shi abin da zai yi ta maimaitawa sau ɗaruruwa. Kada a raina abin da wannan ke yi wa zuciya. Mutumin da ya yi watanni ana juya shi, ana ce masa ya yi haƙuri, ranar da ya ga layi ya tashi saboda shi ya so ya tashi, ranar ce ya samu dalilin dawowa gobe. Gashin ƙashi aiki ne na maimaici mai gajiyarwa, kuma wanda ya daina zuwa ba ya samun komai. Na'urar tana kuma faɗin gaskiyar da ba a so. Idan raunin ya lalata ƙwayoyin jijiyar da ke fita daga laka zuwa tsokar kanta, tsokar ta rabu da tushenta ke nan, babu wutar da za ta fito komai yunƙuri, kuma gara a sani da wuri a juya ga wata dabara.

Wuri na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne ƙarfin hujja, shi ne bayan tiyatar dashen jijiya ko ta sauya wa tsoka wurin aiki. Tun 1975 Erik Moberg, likitan hannu ɗan Suwidin, ya nuna yadda za a ɗauki bayan tsokar kafaɗa a sa ta yin aikin miƙe gwiwar hannu. A 'yan shekarun nan kuma an koma ga jijiyoyin kansu. A 2019 tawagar Natasha van Zyl a birnin Melbourne na Ostareliya ta ba da rahoton mutum 16 masu raunin wuya da aka yanko musu jijiya mai rai daga saman raunin aka jona ta da wadda ta daina samun umarni, da yawansu suka dawo da buɗe hannu da riƙo da miƙe gwiwar hannu. To amma dubi abin da ke gaban majinyacin. Jijiyar da aka dasa tana tsiro ne da kamar milimita ɗaya a rana, don haka watanni za su shuɗe babu motsin da ido zai gani. Sannan idan ta isa, ƙwaƙwalwa na nan tana ɗaukarta da tsohon aikinta. Wanda aka ɗauko wa jijiyar juya tafin hannu sama aka kai ta ga tsokar buɗe yatsu, da farko sai ya yi niyyar juya tafin kafin yatsun su buɗe, a hankali ya raba niyyar biyu. A nan faifan kan fata ne ke fara shaida cewa jijiyar ta iso, shi ne kuma ke nuna wa mutumin wane tunani ne ke kunna sabuwar tsokar. Likitoci a Biyana ta Ostiriya sun tsara matakan horo na musamman a kan wannan. Ita tiyatar ma tana da wa'adi, domin tsokar da ta rabu da jijiyarta ta wuce shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba ta cika karɓar sabuwa ba.

Akwai kuma horon da burinsa rage wuta ne. Mai rauni marar cika da ke iya takawa, sau da yawa abin da ke hana shi tafiya ba rashin ƙarfi ba ne kaɗai. Tsokar sharaɓa ce ke ƙagewa daidai lokacin da ya kamata ta saki, sai yatsun ƙafa su riƙa jan ƙasa. Wani mai bincike, Jonathan Wolpaw, a jihar New York, ya fara nuna wa duniya tun shekarun 1980, da birai sannan da ɓeraye, cewa zaburar da ake ɗauka laka ce ke yin ta ita kaɗai, ana iya koya wa dabba ta rage ta ko ta ƙara ta, kuma canjin na zama a cikin lakar. A 2013 shi da Aiko Thompson suka gwada wannan ga mutane. Ana ɗan taɓa jijiyar bayan gwiwa da wuta, a auna girman zaburar sharaɓa, allo ya nuna nan take ko ta yi ƙasa da iyakar da aka sa. Sau 225 a kowane zama, zama uku a mako, har zama 30. Kashi biyu cikin uku na waɗanda aka horar sun iya rage zaburar, kuma su ɗin tafiyarsu ta ƙara sauri da daidaito. Mutanen ba su da yawa, amma abin da ya burge ni shi ne an auna tafiyar kanta, kuma an faɗi adadin waɗanda abin bai yi wa aiki ba.

Kafaɗa ma na amfana. Wanda ke tura keke da hannu shekara da shekaru, kafaɗarsa ce ƙafarsa, kuma ciwonta ya zama ruwan dare a tsakaninsu. Ana amfani da na'urar a koya masa sassauta tsokar saman kafaɗa da ke yawan ɗaukar aikin da ba nata ba, ya kunna na ƙasan allon kafaɗa.

Sababbin fasahohin da ake ta yayatawa ma kan wannan tushen suka hau. Rigar ƙarfen nan mai suna HAL, wadda Yoshiyuki Sankai na Jami'ar Tsukuba a Japan ya ƙirƙira, faifai ne a cinya da kwatangwalo ke karanta ɗan abin da ya rage na wutar tsoka, injin ya ƙarasa takun. An yi amfani da ita a Bochum ta Jamus, hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuma ta amince da ita a ƙarshen 2017. Wanda ba shi da ragowar wuta ba zai tuƙa ta ta wannan hanyar ba. A Louisville ta Amurka kuwa, tawagar Susan Harkema ta dasa na'urar tura wuta a saman laka, a 2011 ta ba da labarin wani majinyaci mai suna Rob Summers, a 2014 ta ba da na maza huɗu da suka iya motsa ƙafa da niyya idan na'urar na kunne, biyu daga cikinsu masu matakin A ne. Wannan ya gaskata maganar ragowar hanyoyi. Ya kuma nuna iyakar horo shi kaɗai, domin mutanen nan sun sha atisaye mai yawa kafin dashen ba su motsa ba, sai da aka ɗaga wa lakar kuzarinta daga waje.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 15 ne ke rayuwa da raunin laka. A Najeriya rahotannin asibitoci sun sha nuna cewa hatsarin mota da babur ne kan gaba wajen jawo shi, sai faɗowa daga sama, sannan akwai tarin fuka na ƙashin baya da ke danne laka a hankali. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ya san yawancin masu kwanciyar matasa ne, masu ciyar da gida. Irin waɗannan iyalai ne ke ganin bidiyon wata cibiya a ƙetare, ga majinyaci na kallon allo, ga layi na hawa, sai a fara maganar sayar da gona ko fili. Abin da zan ce musu shi ne, abubuwan da ke kashe mai raunin laka a wurinmu su ne gyambon kwanciya da ciwon mafitsara da ya haura ƙoda da ciwon huhu. Juya shi kowane awa biyu, katifa da matashin keke masu kyau, tsabtar robar fitsari, tsarin bayan gida, motsa gaɓoɓi kullum don kada su sanƙare, waɗannan su ne suka sauya makomar masu wannan rauni tun lokacin da likita Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu raunin laka a Stoke Mandeville ta Ingila a 1944. Wanda gyambo ya ci bayansa ba zai zauna gaban kowace na'ura ba.

Kuma ainihin dabarar, wato mayar wa mutum labarin abin da jikinsa ke yi nan take, ba sai da kwamfuta ake samunta ba. Madubi a gaban mai koyon zama, yatsan likita ko na ɗan'uwa a kan tsokar yana cewa "ga shi nan, na ji, sake", sikeli biyu na awon nauyi a ƙarƙashin ƙafafun mai koyon tsayuwa don ya ga wacce yake jingina a kanta, allo mai santsi da aka barbaɗa wa hoda don hannu marar ƙarfi ya zame a kai, duk suna yin wani ɓangare na aikin. Ba su kai na'ura jin ƙaramar wuta ba, amma da zarar tsoka ta kai inda yatsa ke jin ta, tazarar ta ragu sosai.

Wanda ya samu damar yin horon da na'ura, ya yi, amma da sharaɗi. A fara da cikakken gwajin da zai faɗi matakin raunin da ƙarfin kowace tsoka daga sifili zuwa 5, a rubuta. A tambayi likitan wace tsoka yake nufi, kuma wane aiki ake so ta yi: riƙe cokali ne, ko tura keke, ko sauka daga gado, ko ɗaga yatsun ƙafa a tafiya. Majinyacin ne ya kamata ya zaɓi aikin. Wani bincike da Kim Anderson ta yi a 2004 ya nuna cewa masu raunin wuya hannu suka fi so ya dawo, masu raunin baya kuma sun sa lafiyar auratayya da riƙe fitsari da bayan gida a sahun gaba, ba tafiya kaɗai ba kamar yadda masu lafiya ke zato. A duba fatar da aka manna wa faifai bayan kowane zama, tunda ba ya jin zafin da zai gargaɗe shi. Wanda rauninsa ke daga matakin T6, wajen tsakiyar ƙirji, zuwa sama, idan ciwon kai mai tsanani da gumi da jan fuska suka taso masa ana cikin horo, a dakata nan take, a zaunar da shi a miƙe, a sassauta tufafi, a duba ko robar fitsari ta toshe, domin jininsa ne ke hawa kuma yana iya zama haɗari. Sannan a yanke wa'adi tun farko, makonni kaza, a sake gwada aikin da aka zaɓa da hannu da ido, na'ura a kashe. Idan aikin ya gusa, a ci gaba. Idan layin allo ne kaɗai ya hau, a zauna da likitan a sake shawara kan inda sauran kuɗin da lokacin za su tafi, ko keke mai kyau ne, ko takalmin gyaran ƙafa, ko ganin likitan tiyatar hannu kafin wa'adin dashen jijiya ya wuce.